Tsakuwa ta maƙale wa maigidana a hanyar fitsari, wai za a fasa ta da leza

Maman Walid, Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san wannan aikin ya taimaka min. Baban Walid ya sha fama da ciwon kwiɓi har da amai, da aka yi masa hoton cikin jiki na siti sikan sai aka ga tsakuwa ce mai milimita 9 ta baro ƙoda ta maƙale a bututun da ke kai fitsari mafitsara, ƙodar ma ta fara kumbura. An ba shi tamsulosin, maganin sassauta bututun don tsakuwar ta wuce, ya sha amma shiru ba ta fito ba, yanzu likita ya ce sai aiki, wai ba yanka, ta gabansa za a zura kyamara. Shi tsoronsa kada a taɓa masa lafiyar iyali, 'yan uwansa kuma sun dage a jira a gwada na gargajiya tukuna.

Anti Nas, Gwagwalada:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci da kanta take fita, amma mai 9 da ta riga ta toshe hanya har ƙoda ta kumbura, jira ba alheri ba ne, in toshewar ta ɗauki makonni ƙodar lalacewa take a hankali kuma wani lokacin ciwon ma lafawa yake mutum ya ɗauka ya warke. Aikin kuwa, bayan an yi masa allurar baya ko ta barci, siririn bututu mai kyamara ake bi da shi ta hanyar fitsari a wuce mafitsara a hau har inda tsakuwar take, a farfasa ta da leza, wato haske mai ƙarfi, a kwaso gutsattsarin da ɗan kwandon waya. In tana can ƙasa kusa da mafitsara, fiye da 9 cikin 10 a zama ɗaya ake gamawa. Batun iyali ya kwantar da hankali, ba a bi ta jijiyoyin wajen. Ki tabbatar an yi gwajin ƙwayoyin cuta a fitsari kafin ranar.

Abu Sadiq, Nyanya:
Hajiya ni an yi min, washegari aka sallame ni. Gaskiya aikin bai dame ni ba kamar robar nan da suke bari a ciki, sitent, wadda take hana bututun toshewa saboda kumburi. Fitsari kowane lokaci, ga zafi da ɗan jini-jini, in ina fitsari sai in ji ciwon ya harba har kwiɓi, ba wanda ya min bayani tun farko shi ya sa na tsorata ƙwarai. Ana cire ta komai ya wuce. Ku rubuta ranar cirewa ku manna a bango, don in aka manta da ita wata da watanni tsakuwa ce ke taruwa a jikinta, cirewar ta zama babban aiki. Kuma ku nemi a ba ku gutsuren a kai lab a san irinta, don abin yana dawowa. Da zafin Abuja na Maris da Afrilu sai ya dage da ruwa, ya kai lita 3 a rana, ya rage gishiri da magi.

Maman Walid, Kubwa:
Na gode sosai, Allah ya saka. Anti tun la'asar jikinsa ya yi zafi yana rawar sanyi, na ba shi maganin maleriya, ko mu bari sai Litinin ranar ganin likitansa?

Anti Nas, Gwagwalada:
A'a Maman Walid, kada ku kwana a gida. Zazzaɓi da rawar sanyi ga mai toshewar ƙoda yana iya zama cuta ce ta taru a bayan tsakuwar, kuma cikin sa'o'i take shiga jini. Ku tafi imajensi yanzu da takardar sikan ɗin, ki gaya musu akwai tsakuwa a bututu. In hakan ne za su fara ba shi antibayotik ta jijiya su sa sitent ko su soka siririn bututu ta fatar bayansa zuwa ƙoda su zuƙe fitsarin, fasa tsakuwar sai cutar ta lafa.