Akwai manhajar da za ta yi wa marar gani jagora a cikin gini?

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar waya, musamman in akwai masu larurar gani a cikinmu. Ƙanwata ce ta samu gurbin karatu a jami'a bana, ba ta gani tun tana ƙarama, ƙyanda ce ta taɓa mata ido. Yarinya ce mai ƙoƙari masha Allah, waya ma da TalkBack, manhajar da ke karanta wa marar gani abin da ke kan allon waya, take sarrafa ta har ta fi ni sauri. A waje babu matsala sosai, Google Maps na kai ta har bakin tsangayarsu, amma da ta sa ƙafa cikin ginin shikenan wayar ta rikice, bene ne hawa uku ƙofofi duk iri ɗaya kuma kullum cikin canza musu ɗakin lakca ake. Yanzu dai ƙawarta ke riƙe da hannunta, ranar da ƙawar ba ta zo ba sai ta tsaya gindin matakala tana jiran mai taimako, abin yana ci mini rai wallahi. Akwai manhaja ko wata na'ura da ke aiki a cikin gini? Ko da kuɗi ne a faɗa mini.

Injiniya Bichi:
Wa alaikumus salam. Ba laifin wayarta ba ne ɗan uwa. GPS daga tauraron ɗan adam yake zuwa, kafin ya iso ƙasa ya riga ya yi rauni, rufin kankare da rodi sai su ƙarasa shi, kuma ko a fili yakan yi kuskuren mita da yawa balle ya gane hawa na biyu kake ko na uku. Shi ya sa aka nemi wasu dabaru. Akwai ƙananan na'urorin Bluetooth da ake mannawa a bango, waya ta ji wacce ta fi kusa da ita sai ta ce ga inda kake, an gwada haka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Pimlico a Landan a 2015 da wani shiri mai suna Wayfindr. Matsalarsu batir na ƙarewa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma irin GoodMaps na Amurka, su zuwa suke da na'urar LiDAR mai auna nisa da hasken lesa su zana taswirar ginin gaba ɗaya, daga baya kyamarar wayarka ta kalli bango ta gane wajen. To amma ka lura duk biyun sai masu ginin sun fara yin nasu aikin, in ba a yi wa tsangayarsu taswira ba ko ta sauke manhajar shiru za ta ji.

Mai Farar Sanda:
Salam. Ni makaho ne kuma na yi jami'a na gama, to bari in yi magana a matsayin wanda ya taka wannan hanyar. Bayanin Injiniya gaskiya ne, amma Auta kar ka karaya, kuma dan Allah kar ka yi saurin zuba kuɗi a sandunan nan masu jijjiga irin WeWALK, suna gaya maka akwai abu a gabanka daidai ƙirji ko kai, wannan yana da amfani, amma ba su san ina ne ɗakin lakcarta ba.

Abin da za ka yi mata, ku je ranar Asabar da ba kowa, ita a gaba da sandarta kai a baya, kar ka riƙe mata hannu. Ta bi bango da kan sanda tana ƙirga ƙofofi, ta ji inda tayil ya ƙare siminti ya fara, ta ji yadda ƙarar sanda ke canzawa in an zo wajen matakala don wajen a buɗe yake sauti na tashi sama. Ni a tsangayarmu shagon hoto-kwafi ne alamata, ɗumin injin da ƙarar janareto na ji su na san ƙofa ta biyu a dama ita ce tamu. Waɗannan alamomin in suka zauna a kai ba ruwansu da caji ko data.

Sannan waya ta zama mataimakiya. Ta sauke Be My Eyes, kyauta ce, wani mai larurar gani ɗan Denmak ne Hans Jørgen Wiberg ya kawo ta a 2015. Kiran bidiyo ne, ɗan sa kai ya ɗauka ya duba ta kyamararki ya ce ga lambar ƙofa, matsa hagu kaɗan. Lookout ta Google da Seeing AI ta Microsoft kuma suna karanta rubutun da ke jikin ƙofa da sanarwar da aka liƙa a allo, wanda mu shi ne babban ciwon kanmu, a canza ɗaki a rubuta a takarda kowa ya gani ban da kai. Ga masu iPhone kuma akwai Clew, za ka bi hanya sau ɗaya da jagora ta haddace sannan ta dawo da kai, sai dai tana shan batir kuma in duhu ne ko cunkoso kyamarar kan ɓata. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kar ta toshe kunne biyu da iyafis, ɗaya kawai, kunne shi ne idonmu.

Maman Ilham BCN:
Allah ya saka Malam. Ni a Basalona nake zaune, nan tashoshin jirgin ƙasa da na bas duk an liƙa wasu sitika masu murabba'ai kala kala a kan baƙi, sunansu NaviLens, kamfanin na Sifen ne daga garin Murcia. Bambancinsu da QR shi ne ba sai ka saita kyamara daidai a kansu ba, wanda dama marar gani ba zai iya ba, kawai ka ɗaga waya kana juya ta ta cafko shi daga mita da yawa ta faɗa maka mene ne, nisansa nawa kuma ta wane ɓangare. Har Kellogg's masu yin kwanflaks sun sa shi a kwalayensu a nan Turai. Abin da ya burge ni ba ya buƙatar wuta ko batir, bugawa kawai ake a manna, ina ganin irin wannan ne zai fi dacewa da gida.

Autan Hajiya:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam maganar riƙe hannu ta shige ni. Hajiya wannan sitikar mu za mu iya zuwa mu manna da kanmu ko sai makaranta?

Lauyan Talakawa:
Ginin ba naku ba ne sai da izini, amma ba roƙo za ku je yi ba fa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ku rubuta takarda zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, ita ta sa hannu da kanta, ku ajiye kwafi mai hatimi. Ku nemi lambar ɗaki mai tudu da rubutun makafi na Braille a jikin kowace ƙofa, da kuma a riƙa tura canjin ɗaki a rubuce ta WhatsApp ɗin aji ba hoton allo ba. In akwai wasu ɗalibai masu larurar gani ku haɗu ku rubuta tare ta fi nauyi.

Mai Farar Sanda:
Ƙwarai kuwa Barista, na WhatsApp ɗin nan ma ba sai an jira hukuma ba, gobe ta samu shugaban ajinsu ta gaya masa TalkBack ba ya karanta hoto yadda ya kamata, ya riƙa rubutawa har da hawa na nawa ne. Ku kuma masu ido dan Allah ku yi rajistar sa kai a Be My Eyes, ana haɗa mutum ne da mai jin yaren da ya zaɓa, akwai dattawanmu da yawa da hawan jinin ido ya makantar da girma, ba sa jin Turanci.