Nazare ta kuɗi mai koyarwa da wasa, ko ajin ECCD na gwamnati?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ɗiyata za ta cika shekara 4 kafin komawa makaranta a Satumba. A unguwarmu nan Kano akwai firamaren gwamnati mai ajin ECCD, wato ajin renon ƙananan yara kafin shiga firamare, kyauta, tafiyar ƙafa ce daga gida. Akwai kuma wata nazare ta kuɗi da ke cewa da wasa take koyarwa, har sun rubuta Montessori a allonsu, amma sai da ɗan sahu. Za mu iya biya, sai dai da takura. Me ya kamata in duba kafin in zaɓa?

Malamar Raino:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada abin da aka rubuta a allon ƙofa ya yanke miki hukunci. Sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, duk mai fenti zai iya rubuta shi. Asalin tsarin na wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum a 1907, kuma yana da alamomi da ido ke gani: yara 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, kayan aiki a kanta mai gajarta yadda yaro zai ɗauko da kansa ya mayar, da lokaci mai tsawo, kusan awa uku, da ba a katse shi da ƙararrawa. In kin shiga kin tarar da benci a jere suna kallon allo, kayan wasan kuma na kulle a kabad ɗin ofis, to ba shi ba ne.

Ki je kowacce makaranta wajen ƙarfe goma na safe, ba tare da kin sanar ba, ki nemi izinin zama a bayan aji rabin awa. Ki ƙirga kawunan yara da kanki, sannan ki ƙirga manya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, kuma ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa, har a ta gwamnati. In yara sun haura 40 ga malama ɗaya babu mai taya ta, ba za ta iya raba su rukuni ba, dole ta koma ga rera A B C da tsawa, don ita kaɗai ce hanyar riƙe aji irin wannan.

Sai ki kalli hannun yaran. 'Yar shekara 4 abin da take buƙata shi ne murza laka, zura murafen kwalba a zare, yaga takarda, zane a yashi, zuba ruwa daga kofi zuwa kofi. Waɗannan ne ke ƙarfafa yatsu kafin fensir. Makarantar da ke ba ta aikin gida na rubuta 1 zuwa 100 ta sa ta damƙe fensir da dunƙule, hannu ya yi ciwo, ta tsani littafi, kuma gyara wannan riƙon a ajin farko na firamare wahala ne. Yawanci iyaye ne ke matsa wa makarantun kuɗi su yi haka, don su ga shaidar kuɗinsu a cikin jaka. Don Allah kada ki shiga sahunsu.

Tsohon Hedimasta:
Malama ta yi bayani mai kyau. Ƙari na a kan shekaru ne, 'yata. A tsarin ƙasa, ajin share fagen da aka haɗa da ilimin bai ɗaya shekara guda ce, ta 'yan shekara 5, sannan firamare a shekara 6. Yawancin firamarorin gwamnati suna karɓar waɗanda ba su kai ba, to amma ki tambayi hedimasta: aji nawa ne na ECCD, kuma an raba 'yan uku da 'yan biyar? Ki tambaya ko malamar ajin ta yi NCE a fannin renon yara, ko kuwa daga aji huɗu aka ɗauko ta don cike gurbi. Wannan tambayar ki yi ta a ta kuɗin ma, domin da yawa suna ɗaukar wadda ta gama sakandare kawai, kuma malamai na sauyawa kusan kowane zango saboda ƙarancin albashi. Yaro ƙarami da mutum yake sabawa kafin ya saba da darasi.

Lissafin kuɗi kuwa, a shekara za ki yi shi. Kuɗin zango sau uku, ki ɗora kuɗin fom, yunifom, kayan wasanni, littattafai, PTA, fatin ƙarshen zango, da na ɗan sahu na kimanin kwana 60 a kowane zango. In jimillar za ta sa a riƙa koro ta gida saboda bashi, gara ta gwamnati da zuwa kullum. Kuma ki tambayi ta kuɗin ko suna tsallakar da yara aji. Wanda aka shigar firamare yana ɗan huɗu, aka kuma tsallake masa aji shida, zai gama sakandare bai kai shekara 16 da JAMB ke nema ba.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Yaya, ki fara da banɗaki kafin aji. Akwai na ƙananan yara daban da na 'yan aji shida? Ramin masai ya yi wa ƙafarta faɗi? Akwai buta, ruwa da sabulu a wurin, kuma wace ce ke raka yaro ta yi masa tsarki? Yarinyar da ke tsoron banɗaki riƙe fitsari take yi har a tashi, daga nan ciwon mara da fitsarin wando ke farawa. Ki duba ko kofi ɗaya kowa ke sha a randa, da ko tabarmar barci ɗaya ce, don ta nan makero da mura ke zagaye aji. Ki tabbatar katin rigakafinta ya cika, musamman allurar ƙyanda ta biyu.

Batun ɗan sahu kada ki raina shi. 'Yar wannan shekarun tana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kullum, na dare da na rana. In za a tashe ta tun asuba, ta dawo ƙarfe biyu cunkushe cikin yara goma, sannan Islamiyya da la'asar, kuka da ƙin cin abinci za ki gani.

Malamar Raino:
Baba Hedimasta, a wuri ɗaya na ɗan saɓa da kai. In ajin gwamnatin ya cika maƙil kuma babu mai raino, ban ga amfanin kai 'yar huɗu bana ba, ko da kyauta ne. Ko dai a biya ta kuɗin shekara ɗaya in makarantar ta ci jarrabawar idonki, ko ta zauna gida ana yi mata tatsuniya, tana ƙirga wake da cokula, a kai ta baɗi tana da biyar.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan fara da ta gwamnatin, Talata ta kuɗin. Baba, waɗanne takardu zan riƙe in na yanke shawarar yi mata rajista?

Tsohon Hedimasta:
Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi da hotuna ƙanana biyu sun isa a mafi yawan wurare. A ta kuɗin ki nemi ganin takardar amincewar gwamnatin jiha, ki kuma ce a rubuta miki duk kuɗaɗen shekara a takarda ɗaya kafin ki biya na fom.