Ɗana yana aji shida, yana rera shafi da ka amma bai iya karanta takardar magani ba. Ina zan kai shi?

Uwar Huɗu, Gadarif:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. A yi haƙuri da tsawon maganar, abin ya hana ni barci.

Mu mutanen Madani ne, a nan Sudan. Can aka haife ni, can aka yi min aure. Maigidana yana da teburin agashe, wato tsire, kusa da tasha, ni kuma ina dama godogodo a gida. Da yaƙi ya shigo garin a watan Disamba 2023 muka fito da kayan jikinmu, muka zagayo ta Sinnar, ga surukata da ciwon sukari, ga 'yar auta a goye. Da muka iso nan a wata makaranta aka sauke mu, an raba aji da zannuwa, kowane iyali da kusurwarsa. Daga baya ƙanin maigidan ya samo mana ɗaki a unguwarsu. Surukar tawa Allah Ya karɓi abarsa bara, a sa ta a addu'a. Maigidan ya sake kafa teburi, ana samun na abinci. An ce Madani ta lafa, amma gidanmu ko ƙyaure ba a bar masa ba, shi ya sa har yanzu muna nan.

Maganar a kan babban ɗana ce. Shekararsa 13, yana aji shida, bana zai zauna jarrabawar fita ibtida'i, wato firamare. Kwanaki 'yar autar ta yi zazzaɓi, aka kawo magani ina tsakiyar tuƙa tuwo, na ce ya karanta min abin da aka rubuta a takardar. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce rubutun ya yi ƙanana. Da dare na ɗauko littafinsa na Larabci na buɗe darasi, ya rera min daga sama har ƙasa ba gargada. Na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin na ce mene ne wannan. Sai na ga ya koma layin farko yana motsa baki a hankali har ya iso inda yatsana yake. Na rubuta masa kalmar a bayan kwali, ya yi shiru yana kallon ƙasa.

Ni ma shekara takwas na yi a asas, makarantar farko ta zamaninmu, da shahadata a hannu. Mun haddace littafin Insan wal Kaun, mun haddace Malbasuna da Maskanuna, mun zubar a takardar jarrabawa mun fito. Ina karatu da ƙyar, amma rubutu sai dai a rufa asiri. Ranar rajistar masu gudun hijira wata yarinya na miƙa wa takardar ta cika min. Da me zan koya masa?

Mahaifinsa ya ce a bar wahalar, ya zo teburi ya koyi yanka nama. Yayana ya ce a turo shi halwa, wato makarantar allo, a Maiurno. Ni so nake a mayar da shi aji huɗu, shi kuma yaron ya rantse in aka zaunar da shi da ƙanana zai bar gida. Kuɗin makarantar kuɗi babu. Ku ba ni shawara don Allah.

Ɗan Dindir:
Allah Ya jiƙan Hajja. Ki bi maganar yayanki. Mu da muka ci allo kafin madarasa ba wanda bai iya haɗa baƙi ba.

Tsohon Ustaz:
'Yata, share hawayenki, yaronki ba daƙiƙi ba ne. Wanda ya iya haddace shafi guda yana da kai. Ba a koya masa karatu ba ne, kamar yadda ke ma ba a koya miki ba. Na koyar tun zamanin shugaba Numairi har na yi ritaya, a gabana aka yi komai.

A da karatu 4-4-4 ne, wato mataki uku, kowane shekara huɗu. A 1970 minista Muhyiddin Sabir ya mayar da shi 6-3-3. Sai Inƙaz, gwamnatin Bashir, ta zo, ta kira taron ilimi a 1990, aka haɗe ibtida'i da mutawassiɗa (makarantar tsakiya) aka ce asas, shekara takwas, sanawi (sakandare) uku. Shekara guda cur ta ɓace daga rayuwar kowane yaro, aka ce za a tsawaita kwanakin karatu a cike gurbin. Wanda ya zauna a ƙauye ya san damina da girbi ba su bari a cika ko kwanakin da. Aka tara ɗan shekara shida da saurayi mai tsiron gashin baki a tsakar makaranta ɗaya. Aka ɗauki tarihi da labarin ƙasa da kimiyya aka dama su wuri guda, aka miƙa wa malamin da fanni ɗaya ya karanta. Me zai yi? Sai ya rubuta taƙaitawa a allo ya ce a haddace.

Mu a inda na koyar umarni aka ba mu: a fara da hoto da kalma sukutum, harafi ya biyo baya. Ɗan gidan da ake Larabci ya ga hoton ya san sunan abin tun daga nono, sai ya lallaɓa. Ɗanmu da ya taso da Hausa bai san kalmar ba, bai san harafin ba, sai ya riƙe kamannin shafin. In mai duba malamai ya zo yara su rera, ya rubuta madalla ya tafi.

Abin da ya fi ci min rai, Bakht ar-Ruda, cibiyar horar da malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim ba ta sakin littafi sai an gwada shi a azuzuwan da ke jikinta, an gyara, an sake gwadawa. Wannan kuwa ƙasa guda aka mayar ajin gwaji. Cibiyoyin horar da malamai aka mayar da su ƙarƙashin jami'o'i, aka rufe ɗakunan kwana na ɗalibai, aka jefa nauyin makarantu a kan mahaliyya (ƙaramar hukuma) da iyaye. Yaran da aka yi wa haka su ne malamai yau. Malamar ɗanki sa'arki ce, littafin da kika haddace shi ta haddace.

Kada ki mayar da shi aji huɗu, can ma hadda zai tarar. Kada ya zauna jarrabawar bana. Ki cire shi wata shida, ki samo mai koya masa baƙi ɗaya ɗaya, da wasalin sama da na ƙasa da rufu'a da ɗauri, sannan haɗawa, sannan shifta kullum, layi uku, daga abin da bai taɓa gani ba. Ba littafin makaranta.

Uwar Huɗu, Gadarif:
Na gode Baba Ustaz. Amma cire shi ba zai yiwu ba. Da ƙyar na samu aka karɓe shi, takardunsa duk sun tsaya a Madani. In na fitar da shi wa zai sake buɗe min ƙofa? Kuma ranar da ya kwana biyu a gida mahaifinsa zai ja shi teburi, shi ke nan.

Abu Tasnim, Kasala:
Ustaz, da girmanka, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. A zamanin da kake yabo 'ya'yan Hausawa nawa suka ga ƙofar mutawassiɗa? Ƙauyenmu sai a shekarun 1990 aka gina makaranta, ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, kuma asas ɗin nan na yi. Wannan yaro lissafa masa: ya shiga aji ɗaya wajen 2018, zanga-zanga ta rufe makarantu, korona ta rufe, ambaliya, yajin aikin malamai, sai yaƙi tun 15 ga Afrilu 2023. Ko manhajar sama aka sauko da ita ba zai iya karatu ba. Kuma shi ba ma tsohon tsarin ya yi ba, an dawo da mutawassiɗa.

Tsohon Ustaz:
Ɗana, kai ka tsira, Allah Ya ƙara. Ka ƙirga 'yan ajinku ka faɗa min nawa ke iya rubuta wasiƙa. An dawo da mutawassiɗa bayan faɗuwar Bashir, gaskiya ne, da malaman da aka horar a ina? An zo da sabuwar manhaja, aka yi ta rigima a kan hoton da ke littafin tarihi na aji shida, firaminista Hamdok ya dakatar da ita a Janairu 2021, shugaban cibiyar manhaja Umar al-Garrai ya ajiye aiki. Watanni ana faɗa a kan hoto ɗaya a masallatai da Facebook, ban ji wanda ya tashi ya tambaya ko yaran aji shidan suna iya karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton ba.

Hajja Mai Shayi:
Ni dai wannan magana ta tayar min da ciwo. 'Yata ta kai sanawi aji uku, na sayar da 'yan kunnena na biya mata darasin yamma, sai yaƙi. Jarrabawar da aka ɗage sai ƙarshen Disamba 2024 aka yi, lokacin tana da ciki wata bakwai, mijin ya ce ba inda za ta. Yau tana wanke min kofuna. Majalisar iyaye kuwa kullum a kawo na alli, a kawo na karin kumallon malamai, a kawo na gyaran benci, yaro ya dawo ba abin da ya ƙaru. Ki bar shi ya bi ubansa, 'yar'uwa. Sana'a ba ta rufewa don an yi yaƙi.

Baƙon Makka:
Mu ma nan an yi irinsa. Shekaru ana wuce da yaran ibtida'i ba jarrabawar rubutu, malami ya duba ya sa alamar ya iya, har aka ga yara suna isa mutawassiɗa ba su iya shifta ba, aka dawo da jarrabawa. Ƙanena cikinsu yake, yanzu tura keken alhazai yake yi. Amma 'yar'uwa, an taɓa duba idonsa? Kin ce ya ce rubutun ya yi ƙanana.

Uwar Huɗu, Gadarif:
Idonsa lafiya lau, daga nesa yake hango raksha mai ƙafa uku ya faɗi ta wane ne. Kunya ce ta sa ya faɗi haka.

Malama a Damazin:
Ganin nesa daban, ganin kusa daban, ki kai a duba. Ni malama ce, kuma ni ce irin wadda Baba Ustaz yake nufi. Ban ji daɗi ba amma ba zan ƙaryata shi ba. Ban taɓa samun wanda ya zauna ya nuna min yadda ake koya wa yaro harafi ba, a wurin wata tsohuwar malama na tsinta muna shan shayi. Sai dai Baba, ka zo ka tsaya gaban aji cike har bakin taga, littafi ɗaya yara biyar, albashi ya yi watanni bai zo ba, ka yi shifta layi uku ka duba wa kowa. Mu ma 'ya'yan wasu ne.

Shawarata ta saɓa da taka. Ya ci gaba da zuwa, ya zauna jarrabawar. Mai hadda irin tasa yana iya haye wa, in ya shiga mutawassiɗa ya tsira daga teburi. Baƙin a koya masa da yamma a ɓoye, kada abokansa su sani. Yaro mai shekara 13 zai jure yunwa, ba zai jure dariya ba.

Tsohon Ustaz:
Wato a sake tura shi gaba kamar yadda aka tura uwarsa. A mutawassiɗa Turanci zai yi nauyi, ga lissafi mai dogon bayani. Wanda bai karanta tambaya ba me zai amsa? Haka aka yi ta yi shekara talatin, kowa yana miƙa wa na gaba.

Ɗan Dindir:
Shi ya sa na ce halwa. Babbaƙu, farfaru, wata uku ya haɗa. Me ya sa tun farko ba a sa shi allo ba? Nan ne laifin yake.

Uwar Huɗu, Gadarif:
An sa shi. Yana ɗan shekara bakwai wani gardi ya zane shi har bayansa ya fashe, ya yi sati yana kwana rub da ciki, ya koma fitsarin kwance. Ni na cire shi kuma ko yau aka sake haka zan cire shi. Wanda bai ga bayan yaron nan ba kada ya ce min laifi. Ban zo a yi min shari'a ba. Kuma ban yarda ya yi nisa da ni ba, abin da muka gani a hanyar Sinnar ya isa.

Hajja Mai Shayi:
To kin ƙi halwa, kin ƙi teburi, kin ƙi cire shi. Me kike so mu ce?

Abu Tasnim, Kasala:
A yi mata a hankali. 'Yar'uwa, cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gadarif akwai tsofaffin malamai da yawa zaune ba aiki. Ki tambaya a masallacin unguwa. Wani ma kwanon agashe da yamma ya ishe shi lada. Ke ma ki zauna a bayan yaron ki koya tare da shi.

Uwar Huɗu, Gadarif:
In zauna ɗana yana kallo ina haɗa baƙi? Ba zai sake jin maganata ba. Kuma naman ba nawa ba ne da zan yi alkawari da shi. Na taɓa wa mahaifinsa zancen jiya, ya ce a bari a gama yankan riɗi, lokacin kasuwa take, yana buƙatar hannu. Rajistar jarrabawar kuma an ce ba za ta jira ba. Baba Ustaz, kai a wane gari kake? In kana kusa ko sau ɗaya ka gan shi.

Tsohon Ustaz:
Ina Shandi wurin 'yata, ƙafa ta ƙi. Ki sa shi ya rubuta baƙaƙen da ya sani a takarda, ki ɗauki hoto ki turo in ga inda ya tsaya. Amma maganata tana nan, kada ya zauna ta bana.

Malama a Damazin:
Ya zauna.

Uwar Biyu, Sinja:
Don Allah ni ma tawa tana aji huɗu, haka take yi da yatsa. Ita ma cire ta zan yi, ko don namiji ne ake maganar?