"Ba a mugun sarki sai mugun bafade": wa karin maganar nan take karewa?

Ɗan Tasha Garwa:
Assalamu alaikum. Bara shanu suka yi wa kawuna ɓarna a gonar dawa, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Ya kai ƙara fada, amma kafin ya ga mai gari sai da ya bi ta hannun mutum uku, kowa da goronsa. Abin da aka yanke masa bai kai abin da ya kashe ba. Da na ce to mene ne amfanin sarautar a wannan zamani, sai wani dattijo ya rufe min baki da cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni dai ina ganin maganar nan sabulu ce ta wanke sarakuna. Masana, ku warware min.

Tsohon Malamin Makaranta:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ka ɗauke ta a baibai. Talakawa ne suka yi karin maganar nan, kuma dabara ce. A da wa ya isa ya tsaya a kasuwa ya ce sarki azzalumi ne, dogarai na jin sa? Sai a ce fadawa ne, kowa kuma ya san inda aka dosa, don wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Sarki mai hankali in ya ji ana yawan kuka da fadawansa, ya gane da shi ake.

Hajiya Mai Atamfa, Marwa:
Allah gafarta Malam, ni ba haka na ji ta wurin kakata ba. Ita cewa take sarki makaho ne, fadawa ne idonsa. Yana zaune a cikin gida, abin da aka kai kunnensa shi ya sani. Kuma na ga haka da idona a rabon gadon mijin yayata: wata shida ana juya mu a zaure, ranar da muka samu shiga, zama ɗaya aka gama. A kotun gwamnati da wataƙila har yau muna biyan lauya, ga shi da Faransanci ake yi, yayata ko "bonjur" ba ta iya ba.

Ɗan Tasha Garwa:
To Hajiya, wa ya naɗa masu tsare zauren? Wanda ya zaɓi mugun bafade ya bar shi shekara 20 a ƙofa, ai ba za a ce bai sani ba.

Ɗalibin Ngaundere:
Ku bari in jefa wani abu. Ni a ganina tambayar da ta fi ita ce: yau wane ne sarkin, wane ne bafaden? Dokar 15 ga Yuli 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ta raba sarakunan Kamaru hawa uku, ta kuma kira su mataimakan hukuma. Masu zaɓen sarki su ba da shawara, amma takardar naɗi daga gwamnati take fitowa, kuma wanda ya naɗa yana iya tuɓewa. Daga 2013 har albashi ake ba su: mai daraja ta ɗaya sefa 200,000 a wata, ta biyu 100,000, ta uku 50,000. A majalisun jihohi da aka zaɓa a Disamba 2020, cikin kujeru 90 na kowace majalisa an ware musu 20. Lamidon Rai Buba ma ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa da aka kafa ta a 2013. Mai cin albashin wani, mai jiran sa hannun wani, a Hausa me ake kiransa? Lamido yanzu shi ne bafade, fadar kuwa tana Yawunde.

Tsohon Malamin Makaranta:
Yaro, ka iya magana amma ka sassauta. Kuma wannan ba Ahijo ya fara ba. Tun da Jamus suka ci Marwa a 1902 sarauta ta koma ƙarƙashin wani, Faransa suka zo suka ɗora. Kafin su ma lamibe, wato sarakunan Fulaninmu, na kai gaisuwa Yola, Yola na kaiwa Sakkwato, tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta hannun Shehu. Babu lokacin da sarkinmu bai da na gaba da shi. Wani abin dariya, ku duba sunayen sarautun fadar Fulanin nan: Galadima, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Fada. Rabinsu da bakinmu ake kiransu. Saboda haka in ana zagin fadawa, mu Hausawa mu yi a hankali.

Baƙo daga Njamena:
Ni Turawan Ingila nake gani sun mai da karin maganar nan tsarin mulki. Sarauniya Elizabeth ta yi shekara 70 a kan gado har ta rasu a 2022, firaminista 15 suka yi aiki ƙarƙashinta. In haraji ya yi yawa firaminista ake zagi, a kayar da shi a zaɓe, sarauniya na gefe. Wato sun yarda babu mugun sarki, amma sai da suka ƙwace masa ikon yin muguntar tukuna. Mu muna so mu ce babu mugun sarki alhali filaye da shari'ar ɓarna duk suna hannunsa.

Hajiya Mai Atamfa, Marwa:
Ƙanena, sarkin da ba ya raba faɗa ba ya yanke hukunci, me za mu yi da shi? Hawan sallah kawai? Ingila suna da kotun da ke aiki. Mu in ka cire jauro da lawan, masu ƙananan sarautun ƙauye, ranar da manomi da makiyayi suka zare wuƙa a daji wa za a kira, jandarman da ba shi da man babur?

Ɗalibin Ngaundere:
An gwada ai, Hajiya. Gini ta soke sarautun gargajiya a ƙarshen 1957. Shugaba Obote ya rushe masarautun Uganda a 1967, a 1993 aka dawo da su, ba tare da ikon siyasa ba. Ni ba rushewa nake nema ba. Ku dubi Kano: gwamna ya cire Sarki Sanusi a 2020, wani gwamna ya mai da shi a 2024. Abin da ke kashe sarauta ke nan, ba mu matasa ba.

Ɗan Tasha Garwa:
Duk na ji. Amma dattijon nan ba Yawunde yake nufi ba, ba Landan ba, cewa yake in yi shiru. Malam, in an jefo maka ita don a rufe maka baki, da wace ake ramawa?

Tsohon Malamin Makaranta:
Ba a rama wa dattijo, ɗana. Ka ce masa gaskiya ne Baba, sannan ka tambaye shi sunan bafaden, ka ce za ka kai wa sarki. Ka dawo ka faɗa mana abin da ya ce.