Neman shawara: kwatar layinmu ta toshe, kowa ya zuba ido

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Kwatar layinmu ta toshe tun farkon damina, leda da robobi sun cika ta, ruwan ya yi baƙi ƙirin har kumfa yake, in magariba ta yi ba ka isa ka zauna a ƙofar gida ba don sauro da wari. Ƙaramar 'yata sau biyu tana kwanciya da zazzaɓi cikin wata biyu, wallahi abin ya tsaya min a rai. Na kira taron unguwa mutum biyar suka zo, uku ma cewa suka yi aikin gwamnati ne, kuma an taɓa haɗa kuɗi ba a ga aiki ba, ba a ga kuɗin ba, shi ya sa da ka ce karo-karo sai kowa ya kau da kai. Ta ina zan fara?

Wani dattijo:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba yarinya lafiya. Ka ɗauko da girma ne. Unguwa ba ta taruwa, layi ke taruwa. A Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, daga 1980 wani bawan Allah Akhtar Hameed Khan haka ya bi da su, layi layi, kowane layi ya zaɓi nasa jagora ya tara kuɗinsa ya gina magudanarsa, na gaba in sun gani sai su ce mu ma. Ka bi gidajen layinka ɗaya bayan ɗaya da ƙafarka, kar ka yi maganar kuɗi yanzu, shebur da baro kawai za ka roƙa aro.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Baba ya yi gaskiya, amma Yaya bari in ƙara maka wani abu da mutane ba su cika sani ba. Sauron da ke cika ƙazamar kwata yawanci ba shi ke kawo maleriya ba, mai maleriyar ya fi son ɗan ruwan sama da ya kwanta a rami ko sawun taya, rana na dukansa. Daga ƙwai zuwa mai cizo sati ɗaya zuwa biyu ne kacal, don haka shara sau ɗaya a wata ba ta isa, duk sati sai an zaga an cike ramuka an kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, yara kuma su kwana a gidan sauro. Abin da ya fi ba ni tsoro da kwatar nan kwalara ce, in ta yi ambaliya ta shiga rijiya ko fasasshen bututu, wannan cikin awoyi take kashe mutum. Ku duba rijiyoyinku, a ƙa'ida mita 30 ake so tsakaninta da masai.

Wani matashi:
Mu mun yi namu aikin gayyar, muka kwashe muka tara a bakin kwata muka tafi, ruwa ɗaya aka yi duk ya koma ciki, gwiwar kowa ta yi sanyi. Kafin ku sa shebur ku san inda za a kai sharar, ku je hukumar kwashe shara ku da yawa da takarda mai sa hannun kowane gida ku nemi mota ranar aikin. Kuma dan Allah kar a ƙona leda, hayaƙin guba ne musamman ga masu asma.

Wata uwa:
Ku sa mata a ciki mana. Mu muke zubar da ruwan wanki, mu muke aiken yara da shara, in ba a zauna da mu ba wallahi bayan sati biyu ta sake toshewa. Kuɗi kuma in an zo nan mutum biyu su riƙe, a rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita a manna inda kowa zai gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙirga gidajen layinmu 23 ne, gobe da yamma zan fara bi, maman yara ta ce ita za ta shiga wajen matan. Ɗan uwa wanda ya yi maganar mota, dan Allah me da me kuka rubuta a takardar taku?