Waɗanda kasuwancinku ya tsallake korona, me kuka yi a watan farko?

Tela Mai Keke Biyar ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci ni.

Sana'ata ɗinkin kayan makaranta. Kafin korona ina da kekuna bakwai da ma'aikata shida, makarantu huɗu ne ke ba ni aiki duk zango. A raina na ɗauka na fi ƙarfin durƙushewa, tunda yara ba sa daina girma, wando kuma ba ya daina yagewa a gwiwa. A farkon 2020 da aka fara jin masana'antun China sun tsaya, sai na yi abin da nake ganin wayo ne: na kwashe kusan duk abin da ke hannuna na sari yadi, kafin ya yi tsada. Tsadar kuwa ya yi, a nan lissafina bai kuskure ba. Abin da ban hango ba shi ne ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya za ta ce annobar ta game duniya, ba a jima ba kuma aka garƙame makarantu. Daga baya na ji UNESCO ta ce ɗalibai wajen biliyan 1.6 rufewar ta shafa. Ni dai nawa kason bandir-bandir na yadi mai launi ɗaya, wanda ba mai sa shi sai ɗan makaranta.

Wata uku ina biyan yarana cikakken albashi ba a ɗinka ko aljihu ba. Ba don ina da shi ba, kunya ce. Mai gidan da nake haya in ya kira sai in kifa wayar. Takunkumin fuska ma da kowa ke ɗinkawa, sai da na gama raina shi na shiga, lokacin kasuwarsa ta riga ta cika. A wata na biyar na sayar da kekuna huɗu. Ranar da mai sayen ya kwashe su, na tsaya ina kallon sawun ƙafafunsu a daɓen siminti, wurin ya fi sauran haske saboda shekaru ba a taka shi ba. A nan na san shago ya mutu.

Na sake buɗewa a 2022 da kekuna uku, yanzu sun koma biyar, alhamdulillahi. Amma hankalina bai kwanta ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ku da kuka tsallake ba ku rufe ba, me kuka yi a makonnin farko? Ajiyar wata nawa ta ishi mutum? Sannan cin bashi a irin wannan lokaci ceto ne ko rami? Don Allah ba nasihar "ka koma intanet" nake nema ba, na ji ta har na gaji.

Mai Ɗab'i ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Labarin sawun kekunan nan ya taɓa ni, don saura ƙiris nima in ga na injina.

Ni aikina buga katin gayyata da allunan taro da takardun shirye-shirye. Ka ga kenan ranar da aka hana taruwa, cinikina ya tsaya cak a sati guda. Ba wayo na fi ka ba, bambancinmu ɗaya ne: ni na tsorata da wuri.

Kwana biyar da kulle na tafi wurin mai gidan haya, lokacin ma kuɗinsa bai yi ba. Na ɗauki littafin ciniki na buɗe masa shafin satin da ya wuce, babu komai a ciki sai kwanan wata. Na ce masa, Alhaji, ko dai mu raba kuɗin nan in riƙa ba ka rabi har a buɗe gari sannan in cika, ko in kwashe kayana ka nemi wani, kuma ka san ba mai neman shago yanzu. Ya yi shiru ya ce in je. Da na bari sai bashin wata uku ya taru sannan na je masa, maganar da za mu yi daban ce.

Ma'aikata kuwa huɗu ne. Na tara su na faɗa musu abin da ke cikin asusu, ban ɓoye ko sisi ba. Muka yi yarjejeniya biyu su zo wannan sati biyu su zo na gaba, kowa rabin albashi. Daga baya na gano abin da Jamus ke yi kenan a tsarinsu na Kurzarbeit, a rage awannin aiki maimakon a sallami mutum, sai dai su gwamnati ce ke cike wani kaso na giɓin. Mu kuwa haƙuri ne ya cike mana.

Abin da ya ciyar da mu kuma ban taɓa tunaninsa ba. Na ji kamfanin LVMH na Faransa, masu turare mai tsada, sun juya masana'antunsu suna haɗa man tsaftace hannu tun cikin Maris. Sai na ce to duk mai haɗa wannan mai yana buƙatar takardar da zai manna a jikin kwalba. Na bi ƙananan masu haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai sitika ta ƙasa mai nuna inda mutum zai tsaya a layi, sai allon "wanke hannunka" na bakin ƙofa. Injin dai shi ne, tawadar ita ce. Ribar ba ta kai ta da ba, amma injin bai yi tsatsa ba.

Wahalar gaske ma ni a 2021 na sha ta, lokacin da kuɗin ɗauko kwantena ya ninka ya sake ninkawa, ga jirgin ruwan dakon kayan nan Ever Given ya tokare mashigin Suez na Masar kwana shida. Aiki ya dawo, takarda ta yi wuya. Da a lokacin ne ka sari yadinka, da yanzu kai ke ba mu shawara.

Tsohon Akawu ya amsa:

Malam Tela, zan yi maka magana irin ta tsofaffi, ka yi haƙuri in ta yi ɗaci.

Ka ce makarantu huɗu ke ba ka aiki. A littafi huɗu ne, amma a gaskiya kwastoma ɗaya gare ka, tunda umarni ɗaya ya rufe su duka rana ɗaya. Wannan shi ne ciwon farko, tun kafin maganar yadi.

Na biyu, ka haɗa riba da kuɗin hannu. Na shekara talatin ina duba littattafan ƙananan 'yan kasuwa, kuma yawancin waɗanda na ga sun rufe suna cin riba a takarda har ranar da suka sa kwaɗo. Abin da ke kashe shago shi ne ranar biya ta zo babu abin biya. Cibiyar binciken bankin JPMorgan Chase ta duba asusun ƙananan kasuwanci kusan 600,000 a Amurka a 2016, ta samu cewa matsakaicinsu kuɗin kwana 27 kawai yake da shi in ciniki ya tsaya. Gidajen abinci ma kwana 16. Wannan fa a ƙasar da ake ganin kuɗi ya zauna. Saboda haka kada ka tambaye ni ajiyar nawa ta isa, ka fara sanin kwanakinka. Haɗa abin da dole ka biya a wata ko ba ka ɗinka komai ba, haya da albashi da wuta da bashin da ke kanka, ka raba gida talatin. Sai ka ɗauki tsabar kuɗin da shago ya mallaka ka raba da abin da ya fito. Lambar da ka samu ita ce tsawon numfashinka. Ni ina so in ga 90, amma wanda ya tashi daga 20 ya kai 45 ma ya yi aiki.

Maganar bashi, ya danganta da abin da za ka yi da shi. A Amurka lokacin korona, bashin gwamnati da suka kira PPP an riƙa yafe shi in mafi yawansa a albashi aka kashe. A Ingila gwamnati ta riƙa biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikacin da aka ajiye a gida, har zuwa fam 2,500 a wata. Waɗannan tallafi ne, in ka samu irinsu ka karɓa da hannu biyu. Amma a Ingilar dai an ba da wani bashin mai sauƙin samu har fam 50,000, wanda dole a biya, kuma da lokacin biya ya zo da yawa sun gane jinkirta mutuwar shagon kawai suka yi, suka ƙara wa kansu kaya. Bashin da zai sayi abin da ke kawo ciniki gobe daban, wanda za a biya haya da shi ana jiran abin da ba a san ranar ƙarewarsa ba daban. Ka tuna sai 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawar da ta sa kan korona, shekara uku da ɗoriya.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: ko'ina a duniya irin wannan tallafi wanda ke da rajista da asusun banki da takardar albashi ya fi samu. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya ba su cikin tsarin da hukuma ta sani. Ana rabo suna tsaye a bakin ƙofa. In har yanzu kuɗin shago da na cefane aljihu ɗaya suke kwana, ka raba su tun yau.

Maman Biyu ta amsa:

Baba Akawu, da girmanka, amma kwana 90 ɗin nan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Mai shagon da abin da ya samu yau shi zai ci gobe, daga ina zai tara na wata uku? Ban ce ƙarya ba ne, na ce dai yawancinmu ba za mu kai ba.

Yaya Tela, na yi dariya da ka ce ka gaji da "ka koma intanet". Ni gyaran gashi nake yi. An ce masu shiga taro ta Zoom sun tashi daga miliyan 10 a rana zuwa miliyan 300 cikin wata huɗu, to madalla, amma har yau ban ga wadda aka wanke wa kai ta waya ba.

Abin da ya cece ni wani tsohon littafi ne mai bangon kwali da nake rubuta lambar duk wadda ta zo da irin man da gashinta ke so. Da aka rufe mu na zauna ina kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ban yi tallan komai ba a kiran farko, gaisuwa ce kawai, yaya yara, yaya zaman gida. A cikin hirar ne suke cewa gashi ya lalace, mai ya ƙare. Sai na fara ɗura man a ƙananan kwalabe ina aika musu da mai babur, ina tura ɗan bidiyon yadda za su shafa ta WhatsApp. Wasu kuma na ce su biya kuɗin gyara uku yanzu, in an buɗe in yi musu huɗu. Mata goma sha ɗaya suka yarda, kuɗinsu ne ya biya min haya wata biyu. Da aka buɗe na yi kusan wata ina aiki kamar kyauta, hannuna har kumbura ya yi, amma shagon na nan.

Ban fita lafiya lau ba fa. Yarinyar da ta fi kowa iya aiki na ce ta zauna a gida ba albashi, da aka buɗe na kira ta, ta riga ta kama aiki wani wuri, ta tafi da kwastomomi shida. Shi ya sa ni ban ga wautarka ba a biyan yaranka. Inda ka yi kuskure kawai, ba ka zaunar da su ka faɗa musu gaskiya ba. Da sun sani, da su da kansu za su ce a rage.

Tela Mai Keke Biyar ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Cikin shidan, uku sun dawo da na sake buɗewa, kuma babbansu ya taɓa ce min, maigida, da ka faɗa mana tun watan farko da ba a sayar da keke ko ɗaya ba. Ban iya ba shi amsa ba ranar.

Yadin nan kuwa a ƙarshe wani kamfanin masu shara da goge-goge ya saye rabi, na ɗinka wa ma'aikatansu riguna. Har yanzu suna kawo aiki jefi-jefi, ni kuma ina ɗaukarsu a matsayin cike gurbi. Bayan maganar Baba ta kwastoma ɗaya, gobe da safe zan je in gaida manajansu.

Baba Akawu, jiya da dare na yi lissafin da ka ce. Kwana 19 ya ba ni. Amma in na haɗa da yadin da ke ɗakin ajiya da kuɗin da makarantu biyu ba su biya ni ba tukuna, ya haura 70. Wanne zan ɗauka?

Tsohon Akawu ya amsa:

19 ɗin. Yadi ka riga ka gwada shi a 2020, ka ga ko mai gida ya karɓa a madadin haya. Kuɗin makarantun kuma ka bi su wannan satin tun suna buɗe, in ya shigo asusu sai ka dawo mu sake ƙirgawa. Zango mai zuwa kada ka yanka yadi sai sun ba ka rabin kuɗin kafin alƙalami.