Wace takarda ake bi wajen wucewa da kayan sojojin haɗin gwiwa zuwa Chadi?

Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki da wani kamfanin dakon kaya a Idu, nan Abuja. An ba mu kwangilar kai janareta biyu da tantuna ga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, wadda hedikwatarta ke Injamena. Kwantenar na tashar jiragen ruwa a Legas yau kwana goma sha ɗaya, kuɗin ajiya sai ƙaruwa yake.

Ejan ɗinmu ya cike takardar wucewa da kaya ta ECOWAS, aka dawo masa da ita, tunda Chadi da Kamaru, wadda za a ratsa kafin a isa Injamena, ba sa cikin ƙungiyar. Wani ya ce mu nemi fom 302. Da na bincika, ashe na ƙungiyar tsaro ta NATO ne, ya samo asali daga yarjejeniyarsu ta 1951, Najeriya kuwa ba mamba ba ce. Muna da wasiƙar rundunar da hatiminta, amma jami'in kwastam ya ce wasiƙa ba takardar kwastam ba ce. Gaskiyarsa kuma.

Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki, wace takarda kwastam ke karɓa don kayan soja su ratsa Najeriya zuwa Chadi ba tare da biyan haraji ba?